Kafin Mu Miƙa Hotunanmu da Kuɗinmu: Yadda Ake Zaɓen Shafin Haɗa Kalanda

Darasin allon ƙungiyar 'yan jarida na wannan makon a kan kalanda yake, irin wadda mutum ke haɗawa da hotunansa a intanet. Azuzuwa da yawa suna son fitar da kalandar aji ta shekarar 2027, wasu ma har sun fara karo-karo. Kuɗin nan kuɗin tara ne da aka hana ciki aka ajiye, hotunan kuma fuskokinmu ne. Idan aka zaɓi shafin da bai dace ba, kuɗin ya tafi, kuma shekara guda cur za a yi ana kallon kuskuren a jikin bango. Shi ya sa muka zauna a ɗakin kwamfuta tare da malaminmu na kwamfuta muka bincika abin da ya kamata a duba.

Abu na farko da muka lura da shi, kowane shafi da adonsa yake tarbar mutum: furanni, taurari, launuka masu ɗaukar ido. To adon nan shi ne ƙarshen abin dubawa, domin kusan kowane shafi yana da shi.

Shafukan iri biyu ne

Akwai kamfanonin da za ka ɗora musu hotuna, ka tsara kalandar a shafinsu, su buga ta, su aiko maka da ita. Daga cikinsu akwai Shutterfly, wanda aka kafa a Amurka a 1999, da Snapfish, da Mixbook, da Vistaprint. Aikinsu yana da kyau, ba mu musa ba. Amma an gina su ne don masu saye a Amurka da Turai. Farashinsu da dala ko fam ko yuro yake. Kafin a ɗora ko hoto ɗaya, a fara neman jerin ƙasashen da suke kai wa kaya, a ga ko akwai Najeriya a ciki. Abin takaici ne mutum ya kwana uku yana jera hotuna, sai ya zo shafin biya ya tarar babu sunan ƙasarsa.

Ko da suna kawowa, farashin da ke shafin farko ba shi ne farashi ba. Mu ɗauki misali na lissafi kawai: a ce kalanda ɗaya dala 20 ce, an rubuta ragin kashi 50 cikin 100 da jan rubutu, ta koma dala 10. Sai kuɗin aikowa ya zo dala 25. Jimla dala 35 ke nan, wato dakon kayan ya fi kayan tsada, kuma ba a yi maganar kuɗin kwastan ba, ba a yi maganar abin da banki zai cira wajen canjin naira zuwa dala ba. A ninka wannan da yawan 'yan aji. A makarantar gwamnati irin tamu, inda aji ɗaya kan haura mutum sittin, lissafin ba ya ɗaukuwa.

Iri na biyu su ne shafukan zane. A nan kai za ka tsara kalandar, ka sauke ta a waya ko kwamfuta, ka kai wa mai buga takardu na garinku. Wanda aka fi sani shi ne Canva, kamfanin ƙasar Ostiraliya da ya fara aiki a 2013. Akwai kuma Adobe Express. Mu dai ra'ayinmu ya karkata ga wannan irin: a tsara a intanet, a buga a gida. Mai maɗaba'a na gari kana ganinsa yana ganinka. In launi ya ɓaci za ka iya komawa shagonsa ku yi magana, ko malami ya raka ka. Kamfanin da ke hayin teku kuwa sai dai saƙon imel.

Kwanan wata: nan ne aikin yake

Kalanda ba hoto ba ce kawai. Abin da ake duba ta dominsa shi ne kwanaki, kuma a nan shafukan waje suka fi ba mu matsala.

Zubin kalandar da aka riga aka tsara a shafukan Amurka yana zuwa da ranakun hutun Amurka. Za ka ga an yi wa 4 ga Yuli alama, ranar 'yancinsu, da Alhamis ta huɗu a Nuwamba, ranar bikin godiyarsu. Namu kuwa babu. Don haka tambayar da za a yi wa kowane shafi ita ce: zai bari mu goge nasu mu rubuta namu? Muna buƙatar 1 ga Janairu, da 1 ga Mayu ranar ma'aikata, da 27 ga Mayu ranar yara, da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, da 1 ga Oktoba ranar da Najeriya ta samu 'yanci a 1960, da 25 da 26 ga Disamba. A kula da ranar dimokuraɗiyya. A da 29 ga Mayu ake yi, daga 2019 aka koma 12 ga Yuni, amma har yanzu akan ci karo da tsofaffin jerin ranakun hutu masu ɗauke da tsohuwar ranar.

Ranar Ista tana sauyawa kowace shekara, tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2027 ranar 28 ga Maris ce, don haka hutun Juma'ar da ke gabanta 26 ga wata ne, na Litinin ɗin bayanta kuma 29.

Sai kwanakin Hijira. Kalandar da za a rataya a gidajenmu in babu watan Musulunci a jikinta, iyayenmu za su ce ba ta cika ba. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza shekarar Miladiyya da kusan kwana 11, shi ya sa azumi ke matsowa gaba kowace shekara. Shekarar 2027 za ta fara a cikin 1448, ta shiga 1449 a watan Yuni, kuma ana sa ran azumi a cikin Fabrairu. Yawancin shafukan haɗa kalanda ba su da wurin kwanan Hijira ko kaɗan. Wanda ya dace da mu shi ne wanda zai bari a sa ƙaramin rubutu na biyu a cikin kowane akwatin rana. Aiki ne ja, akwati 365, amma in aka raba wa mutum goma sha biyu kowa ya ɗauki wata guda, ba zai gagara ba.

Ga wani abu kuma. Kwanakin Hijira da ake samu a intanet da lissafi aka fitar da su, da yawansu bisa kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya. A Najeriya kuwa ganin wata ake bi, kuma Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne ke sanar da shi daga Sakkwato. Ana iya samun bambancin kwana ɗaya. Hutun Sallah da na Maulidi ma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke sanar da su idan lokacin ya matso. Saboda haka a ƙasan kowane shafi a rubuta cewa kwanan Hijira ya dogara da ganin wata. Kada aji ya buga ranar Sallah da jan rubutu kamar shi ya ga jinjirin watan.

Kalandar makaranta tana da wata buƙatar. Shekarar karatu daga Satumba take farawa, zango uku gare ta. Ajin da ke son kalandar da za ta bi zangon karatu sai ya nemi shafin da ke barin mutum ya zaɓi watan farawa. Wasu shafukan Janairu kawai suka sani. A duba kuma ranar da mako ke farawa. Zubin Amurka da Lahadi yake farawa, na Turai da Litinin. Duk wanda aka zaɓa daidai ne, amma ya zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe, domin ido ya saba da gurbin rana, ba ya tsayawa karanta sunanta.

A shafukan zane, lambobin kwanaki rubutu ne kawai da wani mutum ya jera da hannunsa. Yana iya yin kuskure, ko ya ɗauki zubin bara ya canza shekarar da ke sama ya bar sauran. Ga hanyar kama shi. Ranar 1 ga Janairun 2027 Juma'a ce. A shekarar da Fabrairu ke da kwana 28, Janairu da Oktoba rana ɗaya suke farawa, don haka 1 ga Oktoba ma Juma'a ce. Fabrairu da Maris da Nuwamba su ma rana ɗaya suke farawa, a 2027 Litinin ke nan. In zubi ya saɓa wa wannan, a bar shi. Fabrairu mai kwana 29 kuwa sai 2028.

Haruffa masu ƙugiya

Wannan matsalar tamu ce mu masu rubuta Hausa, kuma babu shafin da zai gargaɗe ka a kanta. Salon rubutu da yawa, musamman masu ado da lanƙwasa, ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Kana rubuta su sai ka ga ɗan akwati fanko a gurbinsu, ko harafin ya fito da wata siffa dabam kamar baƙo a cikin kalmar. Wasu sai su ce a cire ƙugiyar kawai a huta. To a gwada a gani: ranar karɓar baƙi za ta koma ranar karbar baki, ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa. Malamarmu ta Hausa ba za ta rataya irin wannan a ofishinta ba, kuma tana da gaskiya.

Gwajin ba shi da wuya. A buɗe shafin a rubuta ɓ ɗ ƙ da manyansu Ɓ Ɗ Ƙ, a canza salon rubutu ɗaya bayan ɗaya har a samu wanda ya fitar da duka shidan lafiya. Manyan ne aka fi mantawa da su, alhali sunaye irin su Ɗanjuma da Ƙasimu da su suke farawa. Salon Noto Sans na Google da Andika suna da haruffan. Bayan an sauke fayil ɗin a sake dubawa, domin wani lokaci harafi yakan fito daidai a shafin ya ɓace a abin da aka sauke. A tabbatar kuma shafin yana barin a canza sunayen watanni da na ranaku zuwa Hausa, daga Janairu zuwa Disamba, daga Lahadi zuwa Asabar.

Me ya sa hoto ke dushewa a takarda?

Hoton waya ƙananan ɗigogi ne masu launi da ake kira fiksel. Masu buga takardu suna son ɗigo 300 a kowane inci ɗaya don hoto ya fito tas, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne. Takardar A4 tana da faɗin santimita 21 da tsawon 29.7. In aka yi lissafin, hoton da zai cika ta yana buƙatar fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, kusan miliyan 8.7 gaba ɗaya. Takardar A3 ninkinta ce, tana buƙatar kusan miliyan 17.4. (Wanda bai yarda ba ya ɗauko biro: 21 a raba da 2.54, a ninka da 300.)

Waya mai kyamarar megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai fiksel wajen 4000 da 3000, wanda ya ishi A4. Matsalar a hanya take faruwa. Idan aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar takan matse shi don rage cin data, sau da yawa ɓangarensa mai tsawo ya dawo wajen fiksel 1600. A ma'aunin ɗigo 300, wannan santimita 13 da rabi ne kawai, bai kai faɗin littafin rubutu ba. A fuskar waya ba za ka ga bambanci ba. Sai an ja shi ya cika takarda.

A yi tunanin hoton aji, mutum ashirin a layi ɗaya. Fiksel 1600 a raba wa mutum ashirin, kowa ya samu 80, har da kafaɗunsa da tazarar da ke tsakaninsa da na kusa da shi. Fuskar kanta ba za ta samu rabin haka ba. Shi ya sa a wasu kalandu na layin baya ba ya gane kansa, alhali kuɗin da ya biya daidai yake da na mai zama a gaba. Maganin shi ne a karɓi hoton daga wayar da ta ɗauke shi, ta kebul ko katin ajiya, ko a tura shi a matsayin fayil, wato ta wurin da ake tura takardu. Hoton da aka ɗauko daga fuskar waya kuwa kada ma a fara.

Shafi mai kyau yana nuna alamar gargaɗi idan hoto ya yi ƙanƙanta ga gurbin da aka sa shi. Wanda ke karɓar komai shiru, sai mutum ya yi lissafin da kansa. Kalandar bango daga nesa ake kallonta, don haka ko ɗigo 200 aka samu ba laifi. Ƙasa da 150 ne abin ke fara muni.

Launi ma yana canzawa. Fuskar waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi. Injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, har da baƙa, kuma takarda ba ta da fitila a bayanta. Hoto yakan fi duhu a takarda, don haka wanda aka ɗauka a cikin aji marar haske zai fito fuskoki sun haɗe da inuwa. A ɗauki hoton a waje da hantsi, a inuwar bishiya, rana na bayan mai ɗauka. A nemi shafin da ke ba da fayil ɗin PDF na bugu, mai rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Kada a sa kan mutum ko lambar rana dab da baki, musamman ta sama inda za a huda a sa waya. Takardar kwafi ta yau da kullum mai nauyin giram 80 ce, ba ta jure rataya, a tambayi mai shago mai giram 150 zuwa sama.

Hotunan na waye?

Wannan ya fi maganar kuɗi nauyi. Duk hoton da aka ɗora a shafi yana zaune ne a kwamfutocin kamfanin, a wata ƙasa. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane ta Najeriya, kuma ta tanadi cewa sai da izinin iyaye ko mai riƙo za a yi amfani da bayanan yaro. Mu duka yara ne a idon doka. Shafuka da yawa ma ba sa barin wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe asusu, wato da yawa daga 'yan aji ɗaya ba su isa ba. Abin da ya fi shi ne malamin aji ya buɗe asusun da sunansa, shi ke riƙe da kalmar sirri. Canva tana da tsari na musamman kyauta ga malaman firamare da sakandare da ɗalibansu, idan malami ya nuna shaidar aikinsa, to malamanmu su duba wannan.

Kafin a yarda da shafi a nemi amsar abu uku a cikin ƙa'idojinsa, ko da Turancin ya yi tsauri sai an nemi taimakon malami. Za mu iya goge hotunan in mun gama? Kamfanin zai iya amfani da su a tallarsa? Wa zai iya ganin aikin? Akwai zaɓin da ke cewa duk mai adireshin aikin zai iya buɗe shi. In aka jefa wannan adireshin a zauren WhatsApp, daga nan ba wanda ya san inda zai tsaya.

Muna roƙon shugabannin aji su ji wannan da kyau. Akwai iyayen da ba sa son hoton 'yarsu ko ɗansu ya rataya a shago ko ɗakin wani, kuma haƙƙinsu ne. Kada a matsa wa kowa, kada a yi masa dariya. Wanda bai shiga hoto ba ana iya sa zanen da ya yi, ko sunansa na farko kawai. Masu son a sa ranar haihuwar kowa a kalanda su ma su dakata. Cikakken suna da hoto da ranar haihuwa da sunan makaranta a takarda ɗaya, bayani ne mai yawa a hannun wanda ba mu sani ba. Sunan farko da ranar sun isa, ban da shekara, ban da lambar waya.

A tuna kuma inda tsohuwar kalanda ke ƙarewa. Mu da kanmu muna yi wa littattafai bango da ita, wata kuma a wurin mai ƙosai za a same ta. Ajin da ke son sa ayoyi a jikin tasa ya fara shawara da malamin addini.

Kyautar da ba kyauta ba

Shafukan zane suna da ɓangaren kyauta da na kuɗi. A Canva, hoto ko adon da ke da ɗan tambarin kambi na kuɗi ne, in ba a biya ba yana zuwa da tambarin kamfani kwance a kansa. A zaɓi na kyauta tun daga farko, kada sai an gama wata goma sha biyu a tarar rabinsu a kulle.

Sai gwajin kyauta na kwana bakwai ko talatin da ake tallatawa. Kusan kullum sai an sa lambar katin banki, kuma ranar da kwanakin suka cika za a fara cirar kuɗi ba tare da an sake tambaya ba, sai in an soke tun kafin nan. Kada ɗalibi ya ɗauki katin Baba ko na Umma ko na yayansa ya sa a irin wannan. Duk abin da ya shafi kati aikin babba ne. Shafin da ba a san shi ba, wanda babu adireshin ofis a jikinsa, yake neman a tura kuɗi asusun wani mutum kafin a ga samfuri, a rufe shi kawai.

Data ma kuɗi ce. Hoto ɗaya na asali yakan kai megabait uku zuwa biyar, don haka a tace hotunan tun a waya, a ɗora waɗanda za a yi aiki da su kaɗai. A gwada shafin a irin wayoyin da ke gidajenmu da kwamfutocin makaranta, domin wani shafin nauyi gare shi, sai ya daskare ana tsakiyar aiki. Wanda ke ajiye aiki da kansa yana da daraja a wurinmu, tunda ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba.

Gwajin shafi ɗaya

Kafin a karɓi kuɗin kowa, a haɗa wata ɗaya tak a shafin da ake son zaɓa. Mun fi son Fabrairu, domin a 2027 yana da komai: kwana 28 da za a ƙirga, sauyin watan Hijira daga Sha'aban zuwa Ramadan, da wurin rubuta jarrabawar tsakiyar zango. A sa hoton da ya fi yawan mutane, a rubuta sunayen ranaku da Hausa, a sa jimla mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. A sauke shi, a kai wa mai shago ya buga kwafi ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, a tambaye shi farashin kwafi sittin har da huji da waya, ya rubuta a takarda. Sannan a manna shi a bango, a ja baya taku biyar a duba ko ana iya karanta lambobin, a kira wanda ya tsaya a layin baya a hoton ya nuna kansa.

Namu gwajin yana manne a ƙasan wannan rubutun, kwafi biyu na hoton lambun makaranta: na hagu da hoton asali, na dama da wanda ya bi ta WhatsApp. Ku matso ku dubi ganyen zogalen a kowanne. Shugaban ajin da ke son a duba masa zubin kalandarsa ya kawo shi ɗakin kwamfuta ranar Laraba lokacin tara, tare da izinin malamin ajinsu.